Rashin Sani, Kaza Ta Kwana Kan Dami

A rangadin makarantu da na yi cikin ƙasar Gwarzo da Kabo na ga wani abin da ya hana ni sukuni, shi ya sa na ga ya kamata in kawo shi gaban malamai da akawuna. Na shiga wata makaranta ana darasin kwamfuta, yara sun yi cincirindo kan na'urori, sai ga wani yaro zaune shi kaɗai a bakin taga. Da na tambaya aka ce idonsa ba shi da ƙarfi, ba ya ganin ƙananan baƙaƙe, saboda haka aka ɗauke masa darasin. Na matsa na danna maɓalli biyu, rubutu ya yi girma ya cika allo, yaron nan ya karanta sunansa. Malamin ya riƙe baki. Ba mugunta ya yi ba, ba a koya masa ba ne.

To, jama'a, ku sani kwamfuta tana zuwa da kayan taimakon naƙasassu a cikinta, an biya kuɗinsu ranar da aka biya nata. In mai Windows ce, a haɗa maɓallin Windows da alamar tarawa, sai madubin ƙara girman rubutu, watau Magnifier, ya fito. A haɗa maɓallin Windows da Ctrl da Enter, sai Narrator ya shiga karanta wa makaho abin da ke kan allo da murya, shi kuwa yana nan tun fitowar Windows 2000. Mai hannu ɗaya, ko wanda shan inna ya raunana masa yatsu, a danna masa Shift sau biyar, daga nan sai ya riƙa buga maɓallai ɗaya bayan ɗaya maimakon ya danne su tare. Wayar da ke aljihunku ma haka ta ke: Android tana da TalkBack, iPhone tana da VoiceOver tun 2009.

Wani zai ce ai akwai makarantun da aka gina domin irin waɗannan yara. Gaskiya ne. An buɗe makarantar makafi a Gindiri tun 1953, ga kuma ta Tudun Maliki a birnin Kano, suna koyar da rubutun makafi na Braille wanda ba abin da zai maye gurbinsa. Amma talakan Unguwar Tudu da ke da yaro mai raunin gani, sau nawa zai iya rabuwa da shi ya kai shi birni? In makarantar garinsu ta ƙi shi, abin da a kan miƙa masa ƙoƙon bara ne. Ga shi kuwa tun 2015 da kwamfuta a ke jarrabawar JAMB, aikin ofis ma yau ba ya tafiya sai da ita. Kuma a watan Janairu 2019 aka sa hannu kan dokar da ta haramta nuna wa naƙasassu bambanci a Nijeriya. Malamin da ya zaunar da yaro a bakin taga ya saɓa wa manufar dokar nan ko da bai sani ba.

Ban ce babu cikas ba. Wuta ba ta zama, na'urorin kaɗan ne, muryar Turanci kuma tuntuɓe ta kan yi in ta gamu da ƙ da ɗ da ɓ. Amma duk wannan bai hana a ƙara wa yaro girman baƙi ba, ko anini ba a nema.

Shawarata ita ce kwalejojin horon malamai su sa wannan cikin darasi, kada ɗalibi ya fita sai ya iya kunna kayan nan uku. Shugabannin makarantu su rubuta maɓallan a takarda su liƙa a bango. Akawu kuma, yau kafin ka tashi ofis ka kunna Narrator, ka rufe idonka minti goma ka nemi wasiƙarka. Abin da ka koya ka nuna wa na kusa da kai. Allah ya sa mu gane, amin.