Bindigar yaƙi: a ɗakin magidanci ko a taskar hukuma?

Tun lokacin da ɓarayin daji suka fara tsallako iyaka suna kore shanu suna sace mutane a ƙasar Madarunfa da Gidan Rumji, cikin jihar Maradi, wata magana ta shiga bakin jama'a har ta iso Damagaram. Ana jin ta a majalisar dattawa, ana jin ta a tashar mota, har ma a bakin waɗansu ma'aikatan gwamnati: wai a bar kowane magidanci ya ajiye bindigar yaƙi a ɗakinsa, domin ya tsare iyalinsa da dukiyarsa. Bai kamata a yi wa masu wannan ra'ayi dariya ba. Manomin Matamai ko na Magarya da yake jin labarin abin da ya sami ƴan uwansa na yamma, ga shi kuma barikin jandarma yana nesa da garinsu, dole hankalinsa ya tashi. Amma tashin hankali ba ya mai da gurguwar shawara ta zama mai kyau.

Hujjar da aka fi kawowa a Damagaram ita ce ta tarihi. Sai ka ji an ce: ai kakanninmu da bindiga aka san su, da ita Sarki Tanimun ya sa maƙwabta suka ji tsoron Zandar. Gaskiya ne. Tanimun, wanda ya rasu a shekarar 1884 bayan ya yi sarauta fiye da shekara 30, shi ya kewaye Birni da garu, ya yi ta sayo bindigogi daga fataken Tarabulus da ke ratso hamada, ya sa maƙeransa suka koyi zubin igwa da haɗa albarushi a cikin garin. Littattafan tarihi suna ambaton bindiga wajen 6000 da igwa wajen 40. Wanda yake son ƙarin bayani ya nemi littafin da Andire Salifu, ɗan garin, ya wallafa a 1971 a kan Damagaram ta wancan zamani.

To, amma akwai rabin labarin da masu kawo hujjar suke tsallakewa. A hannun wa bindigogin nan suke? A hannun ƴan bindigar fada suke, mafi yawansu bayin sarki, waɗanda suke da shugabanninsu, suna ci daga hannun sarki, ba sa fita sai da umarninsa. Albarushin ma daga fada yake fitowa. Tanimun bai raba makaman nan gida gida ba, domin ya san ran da kowane hakimi ya sami rundunar ƴan bindiga ta kansa, ran nan sarauta ta tsage. Ƙarfin Damagaram ya fito ne daga tara makamai wuri ɗaya ƙarƙashin hukuma ɗaya, wadda ta san yawansu, ta san mai riƙe da su. Saboda haka mai cewa a koma ga al'adar Tanimun, in ya duba da kyau, taskar hukuma yake kira ba tare da ya sani ba. (Ko da haka ɗin ma, bindigogin ba su hana a ci Sarki Amadu Kuren Daga da yaƙi a Tirmini ba, cikin watan Yuli na 1899, ranar da adaka ta gamu da bindigar Faransawa mai saurin ɗuri. Makami kaɗai bai taɓa tsare ƙasa ba.)

Akwai kuma masu ilimin zamani da ke kawo misalin ƙasar Suwis, inda sojan da ya gama horo yake iya tafiya gida da bindigar aikinsa. Wannan ma gaskiya ne, sai dai a faɗi sauran. Bindigar nan ta rundunar soja ce, tana da lamba a kundi, mai riƙe da ita an horar da shi, ana kiransa atisayen harbi. Duk da haka Suwisawa sun daɗe suna gardama a kan al'amarin, musamman bayan da wani hafsan soja ya harbe matarsa, shahararriyar ƴar wasa, da bindigar aikinsa a 2006. A shekarar 2007 aka daina ba sojoji harsashin ajiyewa a gida. A watan Fabrairu na 2011 aka jefa ƙuri'ar raba gardama a kan a mai da bindigogin duka bariki, mutum 56 cikin 100 suka ce a'a. Ke nan ko a ƙasar da take zaune lafiya, mai kundin da ba ya ɓata, kusan rabin jama'a sun so a fitar da bindigar soja daga ɗaka.

Misalin da ya fi kusa yana ƙetaren iyaka. A Zamfara, ƴan sa-kai sun tashi da niyyar kare garuruwansu, amma ba a jima ba suka shiga kashe Fulani a kasuwanni ba tare da shari'a ba, mai laifi da marar laifi. Waɗanda aka kashe wa dangi suka sayar da shanu suka sayi bindigogin da suka fi na ƴan sa-kai, daji ya ƙara cika. A watan Yuni na 2022 gwamnatin jihar ta ce wa jama'a su nemi takardar izinin riƙe bindiga, manyan sojojin Najeriya suka ƙi amincewa, kisa da satar mutane kuwa ba su tsaya ba. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

A cikin Nijar ma an ga abin da ya isa. Ran 2 ga watan Nuwamba 2021, magajin garin Banibangu ya fita tare da ƴan sintirin yankinsa, ƴan ta'adda suka yi musu kwanton ɓauna, mutum 69 suka rasu, har da shi kansa. Wani zai ce da suna da manyan makamai da ba haka ba. Allah ne masani. Abin da aka sani dai shi ne, manomi mai bindiga bai zama soja ba, kuma garin da aka ji labarin yana da makamai, shi ake fara zuwa wa, domin makaman kansu ganima ne.

Hatsarin da ya fi girma ga Damagaram kuwa yana cikin gida. Kowace kaka, kafin a saki gonaki, akan sami saɓani tsakanin manoma da makiyaya a kan burtali ko ɓarnar dabbobi, daga Damargu har zuwa kudu. Yawanci mai gari da ardo sukan zauna su yanke diyya, magana ta mutu. Ran da ba ta mutu ba, an san abin da ke biyo baya. A watan Oktoba na 1991, a Toda ta jihar Maradi, an hallaka Fulani fiye da 100, mafi yawansu mata da yara, alhali ba da bindigar yaƙi aka yi ba. A cikin garin Zandar, kowa ya san faɗan samarin unguwanni irin su Kara-Kara, da wuƙa da adda ake yin sa. Kowa kuma yana tuna tarzomar watan Janairu 2015, da aka ƙone coci-coci da gidan al'adu na Faransa da Nijar. Mai karatu ya auna yadda waɗannan ranaku za su kasance da a ce akwai bindiga mai cin harsashi 30 a bayan kowace ƙofa. Mai sanda yakan gaji, a riƙe shi, a ba shi haƙuri. Mai irin wannan bindiga ya gama ɓarna kafin maƙwabci ya fito daga zaure.

Dokar ƙasa ba ta hana riƙe makami baki ɗaya ba. Tun 1963 aka tsara cewa mai son bindiga ya nemi izinin ma'aikatar cikin gida, makaman yaƙi kuwa na jami'an tsaro ne. Maharbin gargajiya mai adakarsa ba shi ake magana ba. Ƙasar nan kuma ta san wahalar karɓo makami bayan ya fita. A watan Nuwamba 1994, ana tsakiyar tawayen arewa, aka kafa hukumar tattara haramtattun makamai. Aka sa hannu a kan sulhu ran 24 ga watan Afrilu 1995, amma sai ran 25 ga watan Satumba 2000 aka kai ga ƙona bindigogin tsofaffin ƴan tawaye a Agadas. Shekara biyar ana lallashi. Bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, taskokin Libiya suka fashe, makamai suka sake malalowa ta hamada, aikin ya koma baya.

Sai dai hukumar da ta ce wa talaka kada ya riƙe bindiga ta ɗauki bashi a wuyanta, kuma nan ne ya kamata ma'aikata su saurara. In mai gari ya kai labarin baƙin fuska a daji, a zo da wuri, kada a sa shi zirga-zirga tsakanin ofisoshi, kada kuma sunansa ya fita waje. Wanda ya kawo bindigar da ya ɓoye don kansa, a karɓa da mutunci a ba shi takardar shaida. In aka ɗaure na farko, na biyu ba zai zo ba. Sannan hukuma ta ƙirga nata. Masu bincike sun nuna cewa da yawa daga makaman da ke hannun ƴan ta'addar Sahel daga barikokin sojojin yankin aka kwashe su lokacin farmaki, waɗansu kuma sun sulale ta hannun marasa amana. Jami'in da ya sauka daga aiki ya tafi da bindigar gwamnati gida, ko babban mutumin da ya ajiye ɗaya ƙarƙashin gado don ya san ba mai tambayarsa, shi ya kamata ya fara mayarwa, kafin a je ana binciken bukkar makiyayi a Tanut ko Gure.