Silin Mota Da Ranar Garwa

A wannan wata filin namu bai yi nisa ba, nan Jambutu muka tsaya, a wani gareji inda wasu samari uku 'ya'yan unguwa suka shafe kusan shekara biyu suna harhaɗa wata 'yar mota mai kujera biyu, irin ta tsere. Injin da giya na wata tsohuwar Toyota ne da ta yi hatsari, amma firam da bodi duk da hannunsu suka yanka suka yi wa walda. Ranar da ta tashi, yara har bakin titi suna bin ta da gudu. Mu ma da labari ya iske mu sai muka je gani, aka ce mana bismilla, muka sunkuya muka shiga. Ba mu yi minti biyar ba muka nemi a buɗe mana ƙofa. Watan Afrilu ne, ƙarfe biyu na rana, tsakanin hularmu da farantin rufin bai fi yatsa uku ba, kuma babu komai a jikin farantin nan sai fenti.

Babbansu ya ce, "Baba, ai abin da ya rage kaɗan ne, silin da kujeru kawai. Ranar Jumma'a za mu sayo soso da gam mu manna."

Muka ce masa, "Ɗana, wannan da ka kira kaɗan shi ne zai nuna ko mota kuka ƙera ko tanderu."

To, a kan wannan muke so mu yi magana yau, domin abin bai tsaya ga samarin nan uku ba. Duk mai mota a Garwa ya san ciwon silin da ya saki yana shafar kai, kuma duk mai ɗa a gida yana neman sana'ar da zai ɗora shi a kai.

Ƙera motar tsere a gida ba a kanmu aka fara ba. A Ingila, tun 1957 kamfanin Lotus ya riƙa sayar da motarsa Seven a wargaje, mai saye ya kai gida ya haɗa da kansa, kuma a 1973 kamfanin Caterham ya karɓi aikin ya ci gaba da shi. A nan maƙwabta, wani matashi daga Jos mai suna Jerry Mallo ya nuna tasa motar, Bennie Purrie, a Abuja cikin watan Nuwamban 2019. Sai dai akwai bambanci tsakaninmu da Bature. Ita Seven ba ta ma da rufin ƙarfe, tanti ake ja mata in ruwa ya zo, kuma Baturen da ya sa wa motarsa rufi, sanyi da raɓa yake gudu. Mu kuwa a bakin Binuwai rana ce abokiyar gabarmu. A watannin Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40 a inuwa, motar da aka ajiye a rana da gilasai a rufe kuwa cikinta kan wuce digiri 60, farantin rufin ya fi haka, musamman idan fentin baƙi ne. Saboda haka wanda ya kwaikwayi aikin Bature ido rufe, sai ya sake aiki kafin damina.

Silin mota iri biyu ne, kuma ya kamata mai koyo ya san su duka. Na farko shi ne na tsofaffin motoci, wanda dattawanmu direbobi suka sani a zamanin Fijo 404. Yadi ne ko leda da ake ɗinka wa aljihuna a baya, a zura sandunan ƙarfe masu lanƙwasa a ciki, a maƙala bakin kowace sanda a gefen rufin, sa'an nan a ja yadin ya miƙe a kama gefensa. Wannan aikin tela ne tsantsa, kuma yana da wata fa'ida: iskar da ke tsakanin yadi da ƙarfe tana rage zafi, gam kuma ba shi ne ke riƙe da nauyin ba. Na biyu shi ne na motocin da suka cika mana gari tun bayan da aka karya darajar sefa a watan Janairun 1994, sabuwar mota ta gagari mutane, aka koma ga na hannu daga Turai. Wannan allo ne mara nauyi da aka gasa daidai siffar rufin, aka manna masa yadi mai siririn soso a baya.

Shi wannan na biyun ne ke saki. Mutane da yawa suna zaton gam ne ya gaji, sai su ɗaga yadin su ƙara wani gam su mayar. Alhali soson ne zafi da laima suka cinye har ya zama gari, in ka murza shi sai ya bar maka rawaya a yatsa. Duk gam ɗin da aka shafa a kan wannan gari, gari ya kama, kuma bayan mako biyu yadin zai dawo kan direba. Magani shi ne a sauke allon gaba ɗaya a fito da shi waje, a yaye tsohon yadi a jefar, a kankare garin soson da burushi har allon ya fito fes, kana a sa sabon yadi da sabon sosonsa.

Su samarinmu na Jambutu ba su da allon kamfani, tunda rufin nasu ne suka ƙirƙira. Shawarar da muka ba su, wadda muka samo daga tsofaffin masu ɗinkin kujerun mota, ita ce su bi aikin daki-daki, domin Hausawa sun ce tun ran gini, ran zane. A fara gama duk wata walda, don tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye aikin mako guda. A goge tsatsa a shafa fentin hana ta a cikin rufin. A kwara wa motar ruwa da bokiti a duba inda yake yoyo, musamman bakin gilashin gaba da na baya, domin soson da ya sha ruwa a ɓoye shi ke huda rufi. Sa'an nan a ja wayoyin fitilar ciki, kowace a cikin rigar roba, da fis ɗinta, a ɗaure su kada su riƙa gogar ƙarfe. Bayan wannan ne za a manna abin tare zafi a jikin farantin, watau soso irin wanda ba ya shan ruwa, mai takardar alminiyam a fuska ɗaya. Soson katifa bai dace da nan ba, yana shan ruwa, yana ruɓewa, ga saurin kama wuta.

Daga nan sai awo. A sami takardar kwali a kafa ta a rufin a zana, a yanke, a sake gwadawa har ta zauna, kafin a taɓa yadi da almakashi. In rufin shimfiɗaɗɗe ne, siririn filawud mai kaurin milimita 3 ya isa ya zama allo. In yana da doro, gara a koma ga dabarar sanduna irin ta dā, wadda kowane maƙeri zai iya lanƙwasawa. Yadin kuma a zaɓi mai haske, a bar rarar kamar yatsa uku ko huɗu ta kowane gefe don a naɗe ta baya.

Wajen gam ne aka fi yin kuskure, saboda gaggawa da son araha. Gam ɗin da ake liƙa takalmi ko kwali da shi yakan yi laushi in ya ji zafi, don haka a nemi wanda aka rubuta a gwangwaninsa cewa yana jure zafi mai yawa. A yi aikin da sassafe a inuwa, ranar da babu ƙurar hunturu. A shimfiɗa yadin a kan allo, a naɗe rabi, a shafa gam a fuska biyu, watau allo da bayan yadi, a jira 'yan mintoci har sai an taɓa da bayan yatsa bai biyo ba. Sa'an nan a kwantar da shi daga tsakiya zuwa gefe da tafin hannu. Kada a danna da kan yatsa, domin soson zai lotsa ya sha gam, tabon kuma ba ya fita. In rabin ya zauna sai a koma ɗaya rabin. Hujin fitila da na marikin hannu daga baya ake yanka su. In silin ya hau, sai murfin ginshiƙai, sai allunan ƙofa da leda a bayansu don tare ruwa, sai shimfiɗar ƙasa, kujeru su ne na ƙarshe.

Akwai abubuwa uku da suka shafi rai, waɗanda ba ma so a ɗauke su da wasa. Na farko wuta. A Amurka tun 1972 doka ta hana a sa wa mota yadin ciki da wuta za ta ci fiye da milimita 102 nasa a minti ɗaya. Mu ba mu da ɗakin gwaji a unguwa, amma muna da ashana. A yanki ƙyalle a fita fili, nesa da kwalaben masu sayar da fetur, a kunna masa wuta a gani. Wanda ya tashi fuu yana ɗigar da narkakkiyar roba, kada a rataya shi a kan mutum. Na biyu, motocin zamani da yawa suna da jakar iska a ɓoye a gefen silin da cikin ginshiƙai, wadda ke fitowa lokacin hatsari. Mun sha ganin an kafe silin da ya saki da ƙusoshi da sukurori, to ranar da jakar nan ta tashi, ko ta kasa fita ko ta harbo su a fuskar fasinja. Mai gyara ya cire kan batir kafin ya taɓa wurin, ya kuma mayar da maɓallan roba irin na asali. A motar da aka ƙera a gida kuwa, bel ɗin kujera a jikin firam ake ɗaure shi, ba a jikin filawud ba, kuma duk bakin ƙarfe da ke kusa da kai a naɗe shi da soso mai tauri. Na uku shi ne warin gam. Sinadarin da ke cikinsa ɗan'uwan sholisho ne, wanda muka ga yadda ya lalata wasu yaranmu. Maigidan da ya tura yaro cikin mota a rufe da gwangwanin gam a buɗe, ya san amanar iyaye yake wasa da ita. A buɗe ƙofofi, a yi shafe a waje, a rufe gwangwani da zarar an gama, a kuma kulle shi da dare.

Yanzu bari mu zo ga abin da ya fi damunmu a matsayinmu na Hausawan Kamaru. Kakanninmu da suka zauna a Garwa da Marwa da Ngaundere, da fatauci da allura suka kafu: teloli, masu aikin wuyan riga, dukawa da majema. Jar fatar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda ake jemewa da bagaruwa, ta kai har Turai inda aka san ta da sunan fatar Maroko. Garwa kuma garin auduga ne, a nan hedkwatar Sodecoton take tun 1974. Amma yau gwanjo ya rage wa tela ciniki, takalmin roba ya rage wa baduku, samari da yawa sun ajiye keken ɗinki sun hau babur suna acaɓa. Alhali kowace mota da ta shigo ƙasar nan, ranar Garwa za ta ci silinta da kujerunta, dole a nemi mai gyara. Wanda ya iya yanka babbar riga ta zauna a kafaɗa, awon rufin mota ba zai gagare shi ba. Abin da zai ƙara koyo shi ne halin gam da soso da waya, da sanin inda hatsari yake.

Kada kuma yaro ya raina wannan mafari. Jelani Aliyu, wanda ya tashi a Sakkwato yana zanen motoci a takarda, ya gama karatun zanen mota a Detroit a 1994, ya shiga kamfanin General Motors, kuma shi ya zana siffar motar Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007. Daga 2017 zuwa 2023 ya shugabanci hukumar bunƙasa ƙirar motoci ta Nijeriya. A irin waɗancan kamfanoni akwai sashe guda na masu tsara cikin mota, da masu zaɓen yadi da launi, kuma ba a ɗaukar su ƙasa da masu inji.

Don haka muna kira ga ƙungiyoyinmu na unguwa da sarakunan Hausawa su haɗa tsofaffin teloli da dukawa da masu gareji, ko yara biyu-biyu ne a riƙa musanya, na gareji ya koyi allura, na tela ya koyi sifana. Masu mota kuma mu daina matsa wa mai gyara ya gama mana kafin la'asar, mu biya kuɗin gam mai kyau, tunda araha ba ta ado.

Su samarin namu sun ɗage ranar Jumma'ar. Sun sauke kujerun, sun gano yoyo biyu a bakin gilashin baya, kuma wani dattijon tela na unguwar ya karɓi kwalin awon ya ce a ba shi mako biyu. Sun yi mana alkawarin zagaye har gadar Binuwai da tsakar rana in an gama, mu kuma mun yi alkawarin gaya muku gaskiyar abin da hularmu ta ji. Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya tsare mu a hanya. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.