Kada A Ɗaure Wa Mai Karatu Yatsu

Ya 'yan'uwana ɗalibai da ma'aikata, akwai wani zalunci ƙarami da ake yi wa jama'armu kullum, ba wanda ya ɗauke shi bakin kome. Kowa ya san in rubutu ya yi ƙanana a wayar hannu, sai a ɗora yatsu biyu bisa gilashi a buɗa, haruffa su girma. To, amma fa wasu masu gina shafukan intanet sukan toshe wannan hanya da gangan, wai don kada tsarin shafinsu ya ɓaci. Layi ɗaya tak suke sakawa, shi ke nan sun ɗaure wa mai karatu yatsu.

A dubi Manga, cikin ƙasar Zuru. Kamar sauran garuruwanmu, wayar hannu ita ce kwamfutar talaka. Da ita uba zai duba sakamakon jarrabawar ɗansa, da ita tsohon soja zai bi sawun fanshonsa, Zuru kuwa gidan soja ce. Sanin kowa ne da mutum ya haura shekara 40 karanta ƙananan haruffa yakan fara yi masa wuya, balle mai yanar ido ko zabiya. Tabarau kuwa kuɗi ne. In shafi ya ƙi buɗuwa, dole dattijo ya miƙa wa yaro wayarsa, da lambar asusunsa da asirinsa duka.

Masu wannan aiki ba su da hanzari. Tun 2008 ƙa'idojin duniya na gina shafuka suka ce lalle mai karatu ya iya ninka girman rubutu sau 2 ba tare da kome ya ɓace ba. A 2016 kamfanin Apple ya sa manhajarsa ta Safari ta daina bin umarnin toshewa. Chrome ma yana da wurin da za a tilasta buɗewa, sai dai an binne shi can cikin saiti, inda manomi ba zai taɓa leƙawa ba. A nan gida kuma, cikin Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. In an yarda a gyara matakalar ofis domin gurgu, me zai sa a rufe ƙofar shafi ga mai raunin gani?

Maganar tamu ce, domin mu ne za mu gina shafukan nan gobe, mu ne kuma za mu sa hannu a takardar biyan ɗan kwangila. Saboda haka kafin ka karɓi aiki, ɗora yatsunka ka buɗa. In ya ƙi, mayar masa ya cire layin nan. Ko minti 5 ba zai ci ba. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, ya shafa wa nasa ruwa, gama idon da muke taƙama da shi yau tsufa na nan tafe gare shi.

Allah Ya sa mu gane, amin.