Kajin gida da hadarin damina: dukiyar da ba a lissafawa

Duk lokacin da guguwa ko ambaliya ta afka wa wani yanki na Nijeriya, hukumomi sukan ƙidaya gidaje da gonaki da gadoji, amma da wuya a ji an ambaci kajin gida. Haka aka gani a ambaliyar 2022, da kuma ta Maiduguri a watan Satumban 2024 bayan ɓallewar madatsar ruwan Alau. Wannan sakaci ne, domin a gidaje da yawa kaza ita ce asusun uwargida, wadda takan sayar don kuɗin magani ko na makaranta.

Asarar takan zo ta hanyoyi uku. Ta farko ita ce iska mai yaye rufin akurki. Ta biyu sanyi ne, wanda ke kashe 'yan tsaki cikin dare ɗaya idan suka jiƙe, saboda a makonsu na farko suna buƙatar ɗumin da ya kai wajen digiri 32 zuwa 35 a ma'aunin Selsiyas. Ta uku kuwa takan biyo bayan ruwan: jiƙaƙƙiyar shimfiɗa tana yaɗa cutar kashin jini, abincin da ya yi fumfuna kuma yana rage ƙwai, har yakan kashe kaji.

Maganin waɗannan bai kai darajar kajin da ake hasara ba. Ya kamata a gina akurki a kan tudu, nesa da magudanar ruwa da manyan bishiyoyi, a ɗaure kwanon rufin da waya. Tunda a arewacin ƙasar nan hadari daga gabas yake tasowa, bai dace ƙofa ta fuskanci gabas ba. A rufe tagogi da buhu lokacin ruwa, a buɗe su da zarar ya ɗauke, a sauya shimfiɗar da ta jiƙe, a kuma ajiye buhunan abinci a kan katako.

Sauran aikin na 'yan kasuwa ne da hukumomi. Mai sayar da 'yan tsaki ko abincin kaji, idan mai kiwo ya karye, cinikinsa ne ya mutu, don haka amfaninsa ne ya riƙa haɗa kayansa da shawara. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina kowace shekara. Wajibi ne ya isa ga matan karkara ta gidajen rediyo cikin harsunansu. Ita ma hukumar inshorar aikin gona ta NAIC ya kyautu ta nemi hanyar shigar da ƙananan masu kiwo ta ƙungiyoyinsu na gama kai.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Lokacin gyaran akurki shi ne ƙarshen rani, kafin hadarin farko ya haɗu.