Sharhi: Darasin Rubuta Umarnin Kwamfuta da Makarantunmu na Karkara

Idan jama'a za su iya tunawa, a shekarar 2025, dab da komawa makaranta, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a ƙarƙashin Minista Dokta Tunji Alausa ta bayyana sabon tsarin karatu na firamare da sakandare. Daga cikin sauye-sauyen da aka yi, darasin fasahar dijital ya shiga sahun darussan dole a babbar sakandare, kuma koyon rubuta umarnin kwamfuta yana cikin abin da ake sa ran ɗalibi zai taɓa. Wannan doka ba ta ware kowa ba. Yadda ta hau kan ɗan birnin Kano, haka ta hau kan ɗan mazaɓar Ruwan Bago da ke Ƙaramar Hukumar Rogo, can kusa da iyakarmu da jihohin Katsina da Kaduna.

A duk inda aka tayar da wannan batu a karkara, magana ɗaya ake fara yi: babu kwamfuta, babu wutar lantarki. Gaskiya ce, kuma ba ma musanta ta. Sai dai a ganinmu abin da ya fi ƙaranci shi ne malamin da ya fahimci darasin har zai iya warware shi da Hausa. Domin jama'a su auna wannan ra'ayi da kansu, ya dace mu bayyana abubuwa uku da mai koyo ke fara cin karo da su, waɗanda masana ke kira fankishin, da kilas, da metod.

Fankishin wani gungun umarni ne da aka raɗa wa suna, ana ba shi abu, ya sarrafa, ya mayar da sakamako. Injin niƙa ne misalinsa mafi kusa: a zuba masara, gari ya fito, kuma ba a sake ƙera injin saboda zuwan sabon mai niƙa. Amma misalin da muka fi so shi ne lissafin zakkar amfanin gona, wanda kowane manomi ya sani. Idan amfanin ya kai nisabi, ana fitar da ɗaya bisa goma a abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya bisa ashirin a abin da aka shayar da wahala da kashe kuɗi. Manomin da ya samu buhu 30 na masara da damina zai fitar da buhu 3. Wanda ya samu buhu 30 a noman rani da injin ban ruwa, kamar masu noma a yankin madatsar ruwa ta Challawa a Ƙaraye, zai fitar da buhu ɗaya da rabi. Abin da ake bai wa fankishin a nan guda biyu ne, yawan buhu da yadda aka shayar da gonar. Akwai sharaɗi a ciki, wato nisabi. Akwai kuma amsa. Yaron da ya iya jera waɗannan matakai a kan allo ba tare da tsallake ɗaya ba, ya riga ya yi rabin aikin, saura ya koyi yadda ake rubuta su a harshen da na'ura ke ganewa.

Kilas kuwa, duk da kamar suna, ba ajin makaranta ba ne. Jami'an ƙananan hukumomi za su fi kowa saurin gane shi, domin kullum suna riƙe da irinsa. A ɗauki fom ɗin rajistar manoma na rabon taki. Fom ɗin da ba a cike ba yana da gurbin suna, da mazaɓa, da girman gona. Shi kansa ba manomi ba ne, tsari ne kawai na abin da za a sani game da kowane manomi. Wannan shi ne kilas. Kowane fom da aka cike da bayanan mutum guda kuma ya zama abu mai zaman kansa, ko da an buga dubu daga tsari ɗaya. Idan aka gyara girman gonar wani, na maƙwabcinsa bai motsa ba.

A kan metod ne masu koyo suka fi rikicewa, alhali bambancin ƙarami ne. Metod fankishin ne da ke zaune a cikin kilas, saboda haka ya san bayanan abin da yake tare da shi. Injin niƙa na kasuwa bai san mai hatsi ba, sai an kawo masa. Amma a ce a ƙasan fom ɗin nan an rubuta ƙa'idar lissafa buhun takin da ya dace da manomi gwargwadon girman gonarsa. Ba sai an sake faɗa wa wannan ƙa'ida girman gonar ba, tana duba fom ɗin da take kansa. A harshen Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991 kuma ake yawan fara koyo da shi, akwai kalmar self da ke bayyana a farkon kowane metod na yau da kullum, tana kuma ɗaure wa yara kai ƙwarai. Ma'anarta ba ta wuce abin da akawu ke nufi ba idan ya dubi manomin da ke gabansa ya ce masa "gonarka". Kalma ɗaya ce, amma gonar da take nunawa tana sauyawa da sauyin wanda ke tsaye.

Ba abin mamaki ba ne a ce fom ɗin ofis ya dace da wannan bayani. Masana biyu 'yan ƙasar Norway, Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard, su suka shigo da kilas a harshen Simula na 1967, kuma manufarsu ita ce kwaikwayon yadda abubuwan duniya ke gudana a cikin na'ura. Ita ma kalmar algoridim, wato jerin matakan warware matsala, daga sunan Muhammad bin Musa al-Khwarizmi aka samo ta, masanin lissafi da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9, lokacin da ko mafarkin lantarki ba a yi.

Kada a fahimce mu da cewa alli da allo sun wadatar. Ba su wadatar ba. Mai koyo sai ya rubuta umarni, na'ura ta ƙi karɓa saboda ɗigo ɗaya da ya manta, ya nemo kuskuren da kansa, sannan ilimin ke zama. Bugu da ƙari, tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, don haka ɗalibin da bai taɓa sa hannu a kan na'ura ba yana shiga zauren da tsoro biyu. Abin da muke cewa shi ne a san abin da za a fara da shi. Kwamfuta ashirin da aka kulle a ɗakin ajiya saboda babu mai koyarwa ba su kai amfanin guda uku ba da ke aiki da hasken rana a hannun malamin da ya san abin da yake yi. Ko wayar hannu ta zamani tana iya gudanar da ƙananan shirye-shiryen Python.

Hanyoyin samun irin wannan malami ba a rufe suke ba. A watan Yunin 2024 Mai Girma Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, abin da ya bai wa ƙananan hukumomi hujjar gabatar da buƙatunsu a rubuce. Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 da nufin horar da mutum miliyan 3 a fannonin fasaha. Jami'ar Bayero, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, da Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano duk suna yaye ɗaliban kwamfuta, kuma duk shekara ana turo masu yi wa ƙasa hidima. Matsalar ita ce mafi yawansu birni suke tsayawa, kuma ba mu ga laifinsu ba idan babu masauki a inda aka tura su.

Saboda haka muna kira ga sakatarorin ilimi na Rogo da Ƙaraye da su fara da ƙidaya: a kowace mazaɓa, malamai nawa ne suka taɓa rubuta umarnin kwamfuta da hannunsu? Malaman lissafi da ke zaune a garuruwan su ya fi dacewa a fara horarwa a lokacin hutu, domin su ba za su tafi bayan shekara guda ba. Kansiloli da dagatai da masu unguwanni, tare da kwamitocin kula da makarantu, za su iya ɗaukar nauyin masaukin duk mai hidimar ƙasa da ya karanta wannan fanni. Iyaye kuma, idan yaro ya dawo ya ce an koya masa fankishin, a ba shi yawan buhun da aka samu a bana, a ce ya jero matakan fitar da zakkarsa ɗaya bayan ɗaya.