Jini Namu, Digiri Nasu

'Yan'uwa ɗalibai, akwai tambayar da shugabannin jami'o'inmu suka daɗe suna kauce wa: don me wanda yake son yin digirin digirgir a kan sankarar jini sai ya fara neman biza tukuna?

A shekarar 1958 wani likitan fiɗa, Denis Burkitt, ya bayyana wata irin sankara da ke kumbura muƙamuƙan yara a Uganda, wadda daga baya aka gane ta kaluluwa ce, ɗaya daga dangin sankarar jini. Daga Kampala aka riƙa aika tsokar yaran nan zuwa Landan, kuma a cikinta ne Epstein da Barr da Achong suka gano ƙwayar cutar birus a 1964, ta farko da aka danganta da sankara a jikin ɗan Adam. A Ibadan kuwa, a 1963, aka raya ƙwayoyin jikin wani yaro ɗan shekara 11 mai wannan ciwo, har yau ana bincike da su a ɗakunan gwaji na duniya. Cutar ta fi yawa inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, wato a gidajenmu. To, ina digirorin suka tafi?

Kada a ce mana ba mu da ƙwaƙwalwa. Victor Anomah Ngu, mutumin Kamaru, a Ibadan ya yi aikinsa na warkar da yaran nan da magani, har ya sami rabo a lambar yabo ta Lasker a 1972. Abin da muka rasa shi ne ɗakin gwaji mai wutar lantarki dare da rana, da firjin ajiyar jini, da malamin da zai zauna da ɗalibi shekara uku ko huɗu ba tare da yajin aiki ya raba su ba. Wanda aka tura waje kuma, in ya dawo ya tarar babu kayan aiki, wa zai ga laifinsa in ya koma?

Ba mu ƙi a fita neman ilimi ba. Amma muna bukatar majalisun jami'o'inmu su ware guraben digirin digirgir a sassan nazarin jini na asibitocin koyarwa na Zariya da Kano da Maiduguri da Sakkwato, da alawus mai isar ɗalibi. Duk jinin da za a fitar waje domin bincike kuma, a rubuta a yarjejeniya cewa ɗalibinmu zai bi shi, sunansa kuma ya fito a kan sakamakon.