Ra'ayinmu: Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi

'Yan'uwa ɗalibai, da yawa daga cikinmu aikin gwamnati za mu kama in mun gama karatu, wasu ma daga cikin masu karanta wannan mujalla sun riga sun kama. Saboda haka muka ga ya kamata mu tsokaci wani al'amari wanda ba makawa sai ya iske kowannenmu a ofis, watau binciken kuɗin jama'a, da makomar ma'aikacin da ya ga ɓarna ya faɗa.

Tsarin Mulki na 1999 bai bar wannan batu a duhu ba. Sashe na 85 ya ba Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya ikon duba littattafai da takardun kuɗi na ma'aikatu da kotuna, ya kuma wajabta masa miƙa rahoto ga Majalisar Ƙasa cikin kwana 90 bayan ya karɓi lissafin Babban Akanta. Daga nan Kwamitin Kula da Asusun Gwamnati na kowace majalisa ya bi rahoton. Sashe na 88 da na 89 kuwa sun ba Majalisa ikon kiran kowane jami'i, har da ba da takardar kamo wanda ya ƙi zuwa.

A rubuce, abin gwanin sha'awa. Amma shekara da shekaru rahotannin Mai Binciken suna kuka iri ɗaya: an tambayi ma'aikata ba ta amsa ba, an nemi boca da rasit an ce ba a gan su ba, hukuma ta yi shekaru ba ta kawo lissafinta ba. Me ya sa? Domin wanda ya ƙi amsawa ya san ba abin da zai same shi. Ƙasar nan ta yi fiye da shekara 60 tana jingine da dokar bincike ta 1956, wadda Turawa suka bari. Majalisa ta takwas ta amince da sabon ƙuduri, amma wa'adinta ya ƙare a 2019 ba a sa masa hannu ba.

Shi kansa mai binciken bai tsira ba. A farkon 2003 Vincent Azie, wanda ke riƙon muƙamin, ya fitar da rahoton kuɗin 2001 wanda ya taɓa manyan ofisoshi. Ba a daɗe ba aka ce wa'adin riƙonsa ya cika, aka sallame shi. A 2014 aka dakatar da Gwamnan Babban Banki, Sanusi Lamiɗo Sanusi, bayan ya ce akwai dala biliyan 20 na man fetur da ba su shiga baitulmali ba, ko da yake gwamnati ta ba da wasu dalilai dabam. To, in manya sun ga haka, ina ga ƙaramin akawu mai mata da 'ya'ya, wanda ba shi da kowa sai albashinsa?

Gaskiya ne a Disamba ta 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta fito da tsarin ba mai tona asiri ladan kashi 2.5 zuwa 5 bisa ɗari na abin da aka ƙwato. Tsarin ya yi rana: a Afrilu 2017 aka gano fiye da dala miliyan 43 a wani gida a Ikoyi. Sai dai tsarin ma'aikata dabam, doka dabam. Lada ba ya hana a mayar da mutum wani lungu, ko a danne masa ƙarin girma, ko a kore shi da sunan ya karya Dokar Sirri ta 1962. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba da 'yar kariya, amma ba ta isa ba. Majalisar Dattawa ta amince da ƙudurin kare masu tona asiri a 2017, shi ma bai zama doka ba. Ghana kuwa tun 2006 take da tata.

Ga abin da muke kira a yi. Na farko, jami'in da ya ƙi ba da takardu cikin ƙayyadadden lokaci a ci shi tara daga aljihunsa, ba daga asusun ma'aikata ba, wanda kuma ya ɓoye fayil ko ya ƙona shi a ɗaure shi. Na biyu, a ba Mai Binciken ikon ɗora wa jami'i biyan kuɗin da ya salwanta a hannunsa, kamar yadda Tsarin Mulkin Ghana ya tanada. Na uku, a sakaya sunan mai tona asiri. In aka kore shi ko aka canja masa wurin aiki, shugabansa ne zai tabbatar wa kotu cewa ba ramuwa ba ce, in ya kasa a mayar da shi aiki, a biya shi haƙƙinsa duka.

Wasu za su ce ai wannan zai buɗe wa mahassada ƙofar yi wa na gaba da su ƙazafi. Maganarsu abin dubawa ce, don haka dokar ta hukunta wanda ya shirya ƙarya da gangan. Amma wanda ya faɗi abin da ya gani da zuciya ɗaya, ko da bincike bai tabbatar ba, kada a taɓa shi. Mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as.

Ita ma Majalisa sai ta fara da kanta, gama a 2016 Majalisar Wakilai ta dakatar da Abdulmumin Jibrin na kwana 180 na zamanta bayan ya yi zargin cushe a kasafin kuɗi. Mu ma haka: muna roƙon shugabannin ƙungiyarmu su liƙa lissafin kuɗin ɗalibai a allo kowane zangon karatu, su amsa tambayar kowa ba tare da fushi ba. Wanda bai saba da bincike yana ɗalibi ba, da wuya ya jure shi in ya zama Babban Sakatare.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, amin.